Wanda Ya Riga Ka Bin Hanya: Ciwon Daji da Zumuncin Majinyata a Ƙasar Magariya da Dungas

  

Shugabanninmu na mulki da na gargajiya, malamanmu, likitoci da majo-majo da ungozomomi abokan aikina na da, iyayena da yayyena da ƙannena da suka baro Bande da Wacha da Kwaya da Yekuwa da Sasumburum, da ƴan'uwanmu na Dungas da Malawa da Guci da Dogo-Dogo.  Takarda ta raba mu gunduma 2 tun 2011, amma kasuwa da aure da makoki ba su taɓa raba mu ba, shi ya sa na ji daɗin ganinmu yau ƙarƙashin rumfa ɗaya.

Da yawa cikin matan da ke zaune nan a ɗakin haihuwa suka san ni. Na shekara da shekaru ina aikin ungozoma, wasu samarin da nake hangowa can baya ma a hannuna suka faɗo. Yau kuwa da wata riga na zo. Na zo a matsayin majinyaciyar da aka cire wa nono ɗaya saboda ciwon daji, wadda ta sha ƙarin ruwan magani har gashin kanta ya zube, wadda kuma Allah ya tashi kafaɗunta. Da gangan na faɗi wannan a gaban maza da mata, a gaban surukaina, domin duk abin da zan ce ya rataya a kan magana ɗaya. Mai ciwon daji yana bukatar likita, yana bukatar danginsa, yana kuma bukatar mutum na uku, wato wanda ya riga shi bin wannan hanya ya dawo. Wannan mutum na ukun akwai shi a garuruwanmu, sai dai ya kulle bakinsa. Roƙona a yau shi ne ya buɗe.

Ciwon da ake gudun kiran sunansa

A asibiti ana ce masa kansa ko sankara. A gida kuwa sai a sassauta murya a ce "daji ne", ko "ciwon nan", ko "mugun ƙurji". In mace ce, wasu su ce jifa ne daga kishiya, wasu su ce nono ne ya kwanta mata tun goyon fari. Sannan a biyo da maganar da ta cinye mana rayuka masu yawa: wai daji ba ya son ƙarfe, in aka yi masa allura ko aka sa masa wuƙa sai ya fusata ya bazu.

Na san inda wannan magana ta samo tushe, don na sha gani da idona. Mace za ta ji ƙullutu a nono, ba ya mata zafi, sai ta yi shiru. A yi wata 6, a yi shekara, ana shafe-shafe da hayaƙi da tsaga. Sai ya fashe, ya fara wari, hammata ta kumbura, tari ya shigo, sannan a ɗoro ta a amalanke a nufi likita. A lokacin ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi. In ta cika bayan sati 3, gari ya ɗauka allura ce ta kashe ta. Alhali allurar ta iske aikin gama ya gama, jinkirin ne ya yi ɓarnar.

Shi ciwon daji ga yadda yake. An gina jikin ɗan Adam da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kowace da lokacin hayayyafarta da lokacin mutuwarta. Wani lokaci sai wasu daga cikinsu su bijire wa wannan tsari, su yi ta yaɗo ba tsayawa, su taru su zama ƙari, daga baya su bi jini da magudanan ruwan jiki su sauka a wasu gaɓoɓin. Manoman da ke nan sun san ƙuduji a gonar hatsi. In ka tuge shi kafin ya yi fure ka tsira da gonarka, in ka bari ya zubar da iri kuwa ka haɗu da aikin shekaru. Kuma ku riƙe wannan: ba a ɗaukar ciwon daji ta cin tuwo kwano ɗaya, ko wanke wa majinyaci tufafi, ko zama da shi a tabarma.

Ba mu kaɗai ba ne. Cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum wajen miliyan 20 ne suka kamu a duniya, wajen miliyan 9.7 suka rasu. A Nijar ƙiyasin yana wajen mutum 10,000 kowace shekara. Tun 1992 ake da rajistar masu kansa a Yamai, amma wanda ya kwanta a ƙauye har ya cika ba a kai shi asibiti ba, sunansa ba ya shiga kowace rajista. A wajen mata sankarar nono ce kan gaba, sai ta bakin mahaifa, wadda wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haddasawa. A wajen maza ta hanta tana sahun farko, kuma manyan dalilanta 2 suna cikin gidajenmu: ciwon hanta nau'in B, da gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara in suka yi fumfuna a ajiya. Mu kuwa ƙasar gyaɗa ce tun zamanin Nasara. Tsargiyar da yara ke kwasowa a tabki ma, in ta daɗe ba magani, tana iya zama sanadin sankarar mafitsara bayan shekaru.

Ranar da aka gaya mini

Ina wanka na ji shi, a nonon hagu, kamar ƙwallon magarya, mai tauri, ba ya gudu ƙarƙashin yatsa. Ni da na koya wa ɗaruruwan mata yadda za su duba nononsu bayan sun yi wankan tsarki, sai da na yi wata 2 ban gaya wa kowa ba. Ilimi yana kaina, tsoro yana ƙirjina, kuma tsoron ne ya yi rinjaye. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zargi ƴar ƙauyen da ta ɓoye nata.

Da na daure na je, aka ɗauki hoto, aka yanki ɗan nama aka tura awo. Jiran sakamakon nan ya fi mini kowane dare tsawo. Ranar da ya fito, likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani da kyau, cikin natsuwa, amma daga kalmar farko kunnuwana suka toshe. Ina ganin bakinsa yana motsi, ni kuwa lissafi nake: autata ba ta yi aure ba, wa zai yi mata kayan ɗaki, wa zai riƙe tsohuwata. Na fito da ambulan a hannu na zauna gindin wani bedi, ban san sa'ad da aka kira la'asar ba.

A gida an nuna mini ƙauna iyakar ƙauna. Maigidana ya ce ko gonarsa ce zai sayar. Ƴan'uwa suka cika ɗaki, kowa na cewa "Allah ya ba da lafiya, ki yi haƙuri, ba komai." Na gode musu har gobe. Sai dai akwai tambayoyin da suka tsaya mini a maƙogwaro, waɗanda ba zan iya yi wa mijina ba don kada in karya masa zuciya, ba zan iya yi wa ɗiyata ba don kada in tsorata ta, likita kuma layi na jiransa a ƙofa. Yaya zan ga jikina bayan an cire? Shin zan ƙara zama mace a idon mijina? Yaya zafin ruwan nan yake? In mutuwa ce, ta yaya take zuwa? Ɗaki cike da mutane, ni kuwa ni kaɗai ce a ciki.

Hanyar Yamai

Kafin in gaya muku wadda ta amsa mini, bari in shimfiɗa muku hanyar, don duk wanda ciwon nan ya kama a yankinmu ita zai bi. Daga likitar ƙauye a turo ka asibitin gunduma. Daga nan ka bi ta Bande da Dogo zuwa Damagaram, kusan kilomita 100, ko dai Babban Asibitin Ƙasa ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro. In ciwon ya bukaci abin da ya fi haka, sai Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram: Takeita, Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, yini guda cur a cikin mota ga mai lafiya, balle mai ɗinki a ƙirji.

A Yamai akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi inda ake duba sankarar mata, akwai kuma Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Kansa. A watan Maris na 2021 aka buɗe sashen gashi da na'urar haske a wannan cibiya, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan duk wanda ke bukatar gashi sai ya fita waje, wanda ba shi da hali kuwa ya koma gida. Wasu mutanenmu kan tsallaka ta Tinkim ko ta Maigatari su nufi asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, tunda Kano ba ta kai mana kilomita 200 ba.

Ku sani kuma, tun 2007 dokar ƙasa ta ce kula da sankarar mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Haƙƙinku ne, ku tambaya. Amma kuɗin mota, da masauki, da abincin majinyaci da na mai jinya, da maganin da wani lokaci sai an saya a waje, duk suna kan iyali. Ruwan maganin nan da ake kira shimiyo ba sau ɗaya ake sha ba. Yawanci duk bayan kwana 21 ake komawa, sau 6 ko 8, kuma kowane zuwa sai an auna jini tukuna. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa. Mutum ya sha na farko da na biyu, amai ya galabaitar da shi, akuyoyi sun ƙare, damina ta kama, wani ya zo ya ce akwai mai magani a gari kaza, sai ya yanke zuwa. Bayan wata 8 a dawo da shi ciwon ya ninka. Abin da ke hana mutum yankewa a wannan gaɓa, sau da yawa, murya ce ta wanda ya taɓa tsayawa daidai wurin.

A kan bencin jira

Ranar da zan sha ruwan farko ina zaune a benci, hannuna na rawa, na rufe fuska da mayafi. Wata dattijuwa ƴar Adar ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Ba ta yi boko ba, sana'arta ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Ƙanwata, yau ne farko?" Na gyaɗa kai. Sai ta waiga ta ga ba namiji kusa, ta ɗaga ɗankwalinta. Ga gashi nan baƙi, gajere, mai laushi kamar na jariri. Ta ce, "Bara war haka kaina kamar ƙwarya yake. Taɓa ki ji." Na taɓa. Wallahi tun ranar da na karɓi ambulan ɗin nan ban yi numfashi mai zurfi ba sai a lokacin.

Kafin a kira sunana ta ba ni karatun da ban samu a makarantar ungozoma ba. Ta ce akwai jan ruwa cikin abin da za a sa mini, in na ga fitsarina ya yi ja kwana ɗaya ko biyu kada in firgita. Ta ce gashi zai fara zuba wajen sati na biyu zuwa na uku, gara in aske da kaina tun kafin in riƙa tsintarsa a matashi. Ta ce farce zai yi baƙi, baki zai yi ɗaci, ƙanshin miya ma zai tayar mini da zuciya, don haka in riƙa shan kunun tsamiya kaɗan-kaɗan, in ci abinci in ya huce, in sha ruwa da yawa. Ta ce kwana 4 na farko su ne masu wuya, daga nan jiki ya fara dawowa. Ta ja kunnena a kan abu ɗaya: in zazzaɓi ya kama ni tsakanin ruwa da ruwa, kada in ce na sauro ne in sayi ƙwaya a tebur, in tafi asibiti a daren, domin maganin yana raunana sojojin jini. Da na tambayi likita, ya ce duk abin da ta faɗa haka yake.

Bayan an yi mini aiki, ita ce ta nuna mini yadda zan tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsu sannu-sannu don kada kafaɗa ta sandare. Ita ce ta kawo mini ɗan matashi da ta ɗinka da auduga, daidai girman ɗaya nonon, na sa cikin rigar mama, ranar na fita tsakar gida ba tare da na naɗe ƙirji da zane biyu ba. Tambayar nan da na kasa yi wa kowa game da miji, ita na yi wa, ta amsa mini ba kunya ba ƙarya. Hausawa sun ce ciwon ƴa mace na ƴa mace ne, a bencin nan na san nauyin maganar.

Da na kai ruwa na huɗu na ce na gaji, ba zan koma ba. Maigida ya yi lallashi, ɗiyata ta yi kuka, ban motsa ba. Sai ga wayarta. Ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa ta yi, "Ni ma a na huɗu na ce haka. Tashi ki shirya, ina tashar mota ina jiranki." Na tashi.

Abin da wasu suka gina a kan wannan

Abin da dattijuwar nan ta yi mini da basirarta, wasu ƙasashe sun mayar da shi tsari. A 1952, a birnin Niyok na Amurka, wata mata mai suna Terese Lasser da aka cire wa nono ta ga ba wanda ya gaya mata yadda za ta ci gaba da rayuwa. Sai ta fara zagaya asibitoci tana ziyartar matan da aka yi wa irin aikinta. A 1969 ƙungiyar kansa ta Amurka ta rungumi shirin, daga baya ya bazu ƙasashe da dama. A maƙwabciyarmu Najeriya, Betty Anyanwu-Akeredolu ta warke daga sankarar nono ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan a 1997. Dukansu daga gadon jinya suka fara.

Masana sun auna amfanin irin wannan zama. A 2001 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Kanada kan matan da sankarar nono ta riga ta bazu a jikinsu. Zaman ƙungiya bai ƙara musu tsawon kwana ba, amma ya rage musu damuwa da jin raɗaɗi. Na kawo wannan don in tsaya kan gaskiya. Hira ba ta narkar da ƙari. Amma a ƙasa irin tamu, inda babban abin da ke kashe majinyaci shi ne zuwa a makare da yanke magani a tsakiya, duk wanda ya sa ka je da wuri ya kuma hana ka yankewa yana da hannu a cikin warkewarka.

Iyakar ɗan'uwa majinyaci

Wannan zumunci yana da ladubba, in aka bar su sai ya koma cuta. Na farko, ɗan'uwa majinyaci ba likita ba ne. Sankarar nono ma kala-kala ce, abin da aka rubuta mini ba lalle ya dace da ke ba, don haka ba a rancen magani, ba a ba da shawarar canja shi. Na biyu, amana. Abin da aka faɗa a zaure a zaure zai kwana. Mace ɗaya in aka kai maganarta bakin rijiya, mata 10 za su koma ɓoyo. Na uku, a rufe ƙofa ga masu talla. Duk inda majinyata suka taru, har a rukunin WhatsApp, sai mai sayar da garin magani ya biyo su da alkawarin warkewa cikin kwana 7. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani muna yi, kuma suna tafiya tare da asibiti kafaɗa da kafaɗa. Amma duk wanda ya ce ki bar asibiti ki zo wurinsa, ki riƙe kuɗinki da ranki. Abin da za ki sha na gargajiya kuma ki gaya wa likita, don wani yana wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke fama da shimiyo.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. A cikinmu wasu za su rasu. Na yi rashin abokan benci, kuma kowane rashi sai ya tayar mini da tsoron kaina. Kada mu yi wa wanda ciwonsa ya yi nisa ƙaryar cewa gobe zai miƙe. Abin da za mu yi masa shi ne mu zauna kusa, mu taya shi neman maganin rage zafi a asibiti, don haƙƙinsa ne, mu saurari wasiyyarsa, mu riƙa leƙa ƴaƴansa.

Kayan aikin suna hannunmu

Ba sai mun jira wani ya zo daga waje ya koya mana taruwa ba. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi aka fara shi a 1991, yau ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. Makarantar mazaje a nan jihar Damagaram aka fara ta, Bande na cikin garuruwan da suka yi suna da ita, kuma mun ga yadda ta sa maza suka riƙa kai matansu awo da haihuwa a likita. A sashen yara na asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2005, kowa ya ga yadda uwar da ta kwana 5 take koya wa wadda ta zo yau yadda ake ba yaro madara. Gayya da adashi da zumunci gadonmu ne.

Don haka ga abin da nake roƙo. A Magariya da Dungas a samu zauren majinyata, ko da mutum 5 ne, su riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata a wuri mai sirri, da ma'aikacin lafiya ɗaya da zai riƙa gyara abin da aka faɗa ba daidai ba. Duk wanda aka ba sakamako, majo ya tambaye shi ko yana son a haɗa shi da wani da ya riga shi, in ya yarda a ba shi lambar waya. Wanda zai je Yamai karon farko a gaya masa ƙofar da zai fara shiga, da takardun da zai riƙe cikin jaka ɗaya, da gidan ɗan gari da zai sauka. Ƙungiyoyin asusu su ware wani abu a akwatin taimako domin kuɗin motar majinyaci. Matasa su yi wa gonarsa gayya in ranar komawarsa ta faɗo cikin noma.

Iyayena maza, da ku nake yanzu. Na san matan da aka saki suna kan gadon jinya, na kuma san mazan da suka wanke wa matansu ciwo da hannunsu. Ku zaɓi sahun da za ku so a tashe ku a ciki. Ku ma ciwon yana kama ku, a hanta, a mafitsara, a maƙogwaro, kuma kun fi mu ɓoyo. Namijin da ya bi hanyar nan ya dawo, akwai wani yana kwance yana bukatar jin muryarsa. Malamanmu, ku faɗa a huɗuba cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma ciwo ba alamar fushin Allah ba ne, tunda Annabi Ayuba ma an jarrabe shi da jinya mai tsawo. Mata, ku duba nononku kowane wata. Ƙullutu, ko ruwa mai jini daga kan nono, ko jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, duk a kai su likita a satin, ko da ba zafi. A kai yara rigakafi, don allurar jarirai tana ɗauke da kariya daga ciwon hanta nau'in B.

Rufewa

Bayan na dawo gida, wata tsohuwar abokiyar aiki ta kira ni ta ce akwai wata yarinya a wani ƙauye gabas da nan, mai goyo, ta ji ƙullutu, an ce ta tafi Damagaram ta ƙi. Na hau babur na je. Na iske ta a ƙuryar ɗaki ta juya wa ƙofa baya, uwarta na cewa ai daji ba ya son ƙarfe. Na roƙi kowa ya fita. Ban yi mata dogon bayani ba. Na zauna bakin gado, na kwance zanena na nuna mata tabon. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo yatsa ta bi layin ɗinkin tun daga ƙirji har hammata. Ta ce, "Inna, kuma kina raye?" Na ce, "Ga ni kuwa, a babur ma na zo." Ta yi kuka, na yi. Ranar kasuwa ta biyo mota.

Yau ta gama maganinta, yaron da take goyo yana gudu a tsakar gida. Watan jiya ta kira ni, ba don kanta ba. Ta ce an kawo wata daga ƙauyen gaba da su, tana son in gaya mata abin da za ta fara ce mata. Na ce ta matsa kusa har kafaɗarsu ta haɗu, ta tambaye ta ko yau ne farko, sauran za su zo da kansu.

Na san a cikin rumfar nan akwai mai tabo irin nawa ƙarƙashin riga, akwai kuma wadda ta ji wani abu a jikinta ba ta gaya wa kowa ba. In an tashi ba zan yi saurin tafiya ba, zan zauna can gindin bishiya har rumfa ta watse. Duk mai son magana ta zo, ba sai ta faɗi sunanta ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya saka wa masu jinya da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.